Fadamar Yaya da Mutanen Birni

"Ku ɗauki shinkafarku ku mayar mota," na ce musu.

Samarin biyu da suka shigo da buhun har tsakar gida suka tsaya suna duban juna. Ranar sadakar uku ce ta Yaya, gida cike da mata ana rabon waina, sai ga motoci daga Kano sun tsaya a ƙofar gida. Wai Alhaji ne ya aiko. Wai ciwon ƙafa ya hana shi zuwa da kansa, amma ya ce a gaya mana jam'iyya ta yi rashin jigo.

Matar Yaya ta kama bakin mayafina. "Ki rufa mana asiri, gidan makoki ne fa."

Babban ɗansa ya leƙo daga zaure. "Goggo, don Allah don Annabi. Sadaka ce aka kawo."

Na ce, "In Tela, Alhajin naku, yana son ya yi wa ubanka sadaka, ya san abin da zai kawo, kuma ba ya shiga buhu. Ku ce masa ni na faɗa, ƙanwar mamacin. Ku ce ina tambayarsa fadama."

Wata tsohuwar maƙwabciyarmu da muka tashi tare ta ce daga inda take zaune, "Gaskiyarta," sannan ta ci gaba da jan carbinta. Samarin suka sunkuci buhunsu suka fita.

Abin da ya fi ƙona min rai ma ba zuwansu ba ne. Da yamma na ji jikar Yaya, budurwa da wayonta, tana ce wa 'yar uwarta, "Ashe Kaka ɗan siyasa ne? Ni dai na san shi da rediyo da akuyoyi." Shi kuma liman, da ya tashi yabonsa a zaure, sai ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri, bai taɓa sa'insa da kowa a kan abin duniya ba. Maza suka ce haka ne, haka ne. Wasunsu suna wurin ranar da aka yi abin da aka yi. Wannan ba haƙuri ba ne, karya shi aka yi. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da na koyi rubutu da furfura a kaina, don kar a binne shi da labarin da ba nasa ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Maruta da Dingaya. Babanmu bai bar mana shanu ba, bai bar mana gidan kwano ba, ya bar gonar tudu da fadama guda a bakin rafi. Fadamar ce gidan. Da damina shinkafa, da rani albasa da rake, ga ɗinya a gefen gabas inda muke ajiye tulu. Yaya ne babba, ni ce auta, waɗanda ke tsakaninmu duk ƙyanda ta kwashe. Tun yana saurayi shi ke jan jigo yana ban ruwa, har kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu tudu. Duk wanda ya ɗinka masa riga sai ya yi mita.

Albasar nan ce ta kai shi Kano. In an cire ta sai su haɗa kaya da wasu, su hau babbar mota daga Birnin Kudu, ya sauka a Fagge wajen wani mai masauki. A bakin gidan akwai wani tela, siriri, baki kamar reza. Wannan shi ne Alhajin da ya aiko da shinkafa. Ni dai har gobe Tela nake ce masa.

Lokacin ana ta maganar Turawa za su tafi. Jam'iyya biyu muka sani, ta masu sarauta da ta talakawa. A wajenmu ba a ma tambaya, inda mai gari ya sa gaba nan kowa yake bi. Sai Yaya ya dawo daga Kano da wata magana a bakinsa.

"Auta," ya ce, "a birni mutum yana zaune kan keken ɗinkinsa yana kiran sunan hakimi ba ranka ya daɗe, kuma ya kwana a ɗakinsa lafiya. Mahauta, masu dako, direbobi, masu wankin hula, duk jam'iyyar talakawa suke. An ce haka Zariya take, haka Jos. Duk inda mutane suka yi yawa idonsu a buɗe yake."

Na ce, "Me suke da shi da za a ƙwace? Ɗakin haya? In an matsa wa Telan naka ya ɗora kekensa a ka ya koma wata unguwa, ba wanda ya san ubansa. Kai fa? Fadama za ka ɗora a ka?"

Ya yi dariya ya ce bakina ya fi ni girma. Wannan faɗan muka yi ta yi da shi har ya tsufa. Maganarsa kullum ita ce, "Birni ne ke fara gani, ƙauye ya biyo baya." Ko farashin gishiri aka ce ya tashi sai ya ce bari mu ji me birni zai ce. Har mutanen gari suka sa masa Na-birni, ba don yabo ba.

Da zaɓe ya matso, Tela ya ce za su zo lacca garinmu. Mai gari ya hana dandali, ya hana ƙofar masallaci, ya hana bakin kasuwa. Yaya ya ce to ai yana da wuri nasa na kansa. An girbe shinkafa, ba a dasa albasa ba, fadama a buɗe take. Suka zo da hantsi a wata mota mai lasifika. Ya sauke su a zaurensa, matarsa ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka da man shanu, suka ci har suna lashe yatsa. Turmina aka ara aka kife a gindin ɗinya, Tela ya hau.

Mutane sun zo, ba zan ce ba su zo ba. Amma tsaye suka yi can nesa, kowa da fartanya a kafaɗa don a ce wucewa yake. Mu mata muna bayan rake muna leƙe. Wallahi mutumin nan ya iya magana. Ya yi maganar haraji, ya yi maganar aikin tilas, ya yi maganar jangali, kowa na gyaɗa kai a ɓoye. Da ya ga ana saurare sai daɗi ya kwashe shi, ya yi abin da ya saba yi a Fagge. Ya kira mai garinmu da sunan da uwarsa ta haife shi da shi, ya ce rawaninsa da kuɗin gyaɗar marayu aka saya. Wurin ya watse kamar an watsa ruwan zafi. Kafin la'asar sun hau motarsu, suna ɗaga hannu, suna ce wa Yaya ya riƙe wuta.

Abin da su ba su damu su sani ba, a wurinmu baƙo ba shi da baki, mai masaukinsa ne bakinsa. In baƙonka ya yi ɓarna kai ne ka yi, in ya zagi mutum kai za a kira. Washegari aka kira Yaya ƙofar mai gari. Kuma in faɗi gaskiya, mai gari ya ba shi ƙofa. Abokin babanmu ne, bai so abin ya yi nisa ba.

Ya ce, "Yaro, na san ba kai ka gayyato su ba. Sun faɗo maka ne, kunya ta hana ka kore su. Ko ba haka ba?"

Dattawa suna ta ƙifta masa ido. Da ya ce e, da an gama.

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na kira su. A akushina suka ci. Ba zan ce ban san su ba."

Aka kai shi gaban alƙali, aka ɗaure shi watanni. Fadama kuma aka ba ɗan wan mai gari, wai riƙo, har hankalin Yaya ya dawo jikinsa. Matarsa tana da goyo. Ni ke kai masa fura, in hau motar kasuwa in je in dawo. Daga birni ko kare bai zo ba. Abin da suka aiko shi ne wai an ambaci sunansa a wata babbar lacca a Kano, jama'a suka yi ta tafi. Na kai masa wannan saƙon yana ɗibar wa gandirobobi ruwa, kai a aske. Ku ga yadda fuskarsa ta yi haske. "Kin ji ko? Sun san da ni."

Na ce, "Tafi za ka ba matarka ta dafa?"

An sake shi ana gab da zaɓe. Lokacin mata ba ma jefa ƙuri'a, maza ne kawai. Abin da aka samu a akwatin talakawa a garinmu bai cika tafin hannu ba, kuma kafin magariba kowa ya san na wane da wane ne. A birni mutum ya jefa tasa ya shige cikin taro, wa zai nemo shi? A nan, ranar gayya aka daina kiran Yaya, shi ma in ya kira ba mai zuwa. Amma da labari ya zo cewa a wasu unguwannin Kano jam'iyyarsa ta ci, sai da ya sayi goro ya raba. Mutumin da albasar miya ma sai ya saya.

Ya koma gonar tudu, gero da dawa da ɗan wake. Amma kullum da safe sai ya bi ta fadama. Ba faɗa yake zuwa ba. Zai tsaya a kan kunya ya yi wa mai riƙon sannu da aiki, sannan ya ce, "Ka cika mata ruwa, albasa ba ta son haka," ko ya ce, "Raken nan ka yi masa kusa-kusa." Mai riƙon tun yana jin haushi har ya koma bin maganarsa, don ya ga tana yi. Na ce Yaya kana gyara wa ɓarawo kayan sata. Ya ce, "Riƙo ne, Auta. Ranar da za ta dawo ba na so in tarar an kashe ta."

Kar ku ce ban san alherinsa ba don ina faɗin wautarsa. Da mijina ya rasu a Birnin Kudu, danginsa suka raba ɗan abin da ya bari suka bar ni da yara, Yaya ne ya zo da amalanke ya kwaso mu, ya tsaga gonar tudun nan da ba ta ishe shi ba ya ba ni rabi. Shi ne kuma ya kai ni ajin yaƙi da jahilci, ina jin kunya ina cewa da girmana. Ya ce, "Wata rana mata za su yi zaɓe. Ba na so wani ƙato ya kama hannunki ya nuna miki inda za ki dangwala."

Soja suka karɓi mulki, aka rufe siyasa. Sai kuɗin mai ya zo. Aka shimfiɗa kwalta, samari suka bar fartanya suka tafi birni gadi da leburanci, har da babban ɗansa. Mai gari ya rasu aka naɗa wani. Yaya ya je ya yi gaisuwa ya tada maganar fadama, aka ce masa abin da magabata suka ƙulla ba a kwance shi da gaggawa. Ya dawo ya kunna rediyonsa. Rediyon nan a rataye yake a wuyansa ko gona zai je, in batir ya yi sanyi ya shanya shi a rana.

Da soja suka ce a dawo siyasa, sai ga Yaya ya zama yaro. Ya wanke tsohuwar hularsa, ya hau keke yana bin ƙauyuka har Gwaram. Wannan karon aka ce mata ma su fito. Na fito, na dangwala wa jam'iyyarsa, ba don na yarda da su ba, don shi. Birni ya yi musu ruwan ƙuri'a, ƙauyuka da dama ma suka bi, suka ci jiha. Ranar Yaya ya yi kuka a gaban yara. Tela kuwa ya zama babba a gwamnati, ya je Makka, ya yi tumbi.

Muka jira a aiko, ba a aiko ba. Sai ga labari wai mai riƙon fadama ya shiga jam'iyyar talakawa, har an ba shi shugabancin yankinmu. Yaya ya ce ƙarya ne, ba zai yarda ba sai ya ji daga bakin Tela. Na ce ƙafata ƙafarka. Muka hau mota muka tafi Kano.

Gidan ba a Fagge yake ba yanzu, can wata unguwa ce mai itatuwa da masu gadi. Muka zauna a waje tun hantsi har azahar, sannan aka shigar da mu. Tela ya taso ya rungume shi, yana ce wa mutanen falon, "Kun ga wannan? Wannan ya sha ɗauri saboda mu lokacin da kuke cikin tsumma." Aka kawo lemo mai sanyi. Ni na zauna a bakin ƙofa ban sha ba.

Yaya ya tambaye shi maganar mai riƙo. Tela ya gyara zama.

"Malam, bari in gaya maka yadda abin yake. Birni namu ne ko muna barci. Mutumin birni ba mai gari a kansa, ba gonar da yake tsoro, haushin masu mulki kawai yake ji, ko ba mu je ba zai ba mu. Amma birni kaɗai ba ya riƙe gwamnati. Ƙauye kuwa sai ta hannun masu shi. Kai mutum nawa za ka kawo min? Shi in ya yi tari, gari guda ne."

Na ce daga bakin ƙofa, "To da ka san haka me ya kai ka kan turmina?"

Falon ya yi dariya, shi ma ya yi. "Hajiya ba ta canja ba."

"Ban je Makka ba," na ce.

Ya juya wajen Yaya ya dafa gwiwarsa. "Maganar fadama kuwa ka bar min. Za ta dawo hannunka, ni na faɗa. Da kaina zan zo, a zagaya iyaka a gaban shaidu."

A wurinmu gona ba ta canja hannu da takarda. Mai haƙƙi ne zai shiga gaba ya zagaya iyaka, dattawa na biye, sannan a raba goro, liman ya yi addu'a a shafa. Wanda ya zagaya, ya ci goro, ya shafa fatiha, bakinsa ya mutu a kan wannan gonar, shi da 'ya'yansa. Haka ake yi in za a mayar wa mutum gonarsa, haka kuma ake yi in za a sayar. Fadamar nan kuwa ba mai iya sayenta muddin Yaya bai zagaya ba, don kowa ya san riƙo ce.

A mota na ce wa Yaya, "Ranar da ya zo, kafin ka ɗaga ƙafa, ka sa ya faɗa da bakinsa a gaban liman cewa mayarwa ce."

Ya ce, "In titsiye mutum a gaban jama'a kamar ban yarda da shi ba? Ya taso tun daga Kano saboda ni?"

"E."

"Ba zan iya ba, Auta."

Ya zo kuwa, bayan girbin shinkafa, da motoci da wata a-kori-kura a baya an rufe kayanta da tamfol. Yaya ya sa farar rigarsa ta Idi. Ya shiga gaba yana tafiya kamar saurayi, Tela na haki a bayansa da takalmi mai sheƙi. "Nan ne, daga wannan gamba. Ku biyo ni. Wannan dutsen babanmu ne ya kafa shi." Ba inda ya yi shakka. Ni ina gefe da mata, ina kallon mai riƙo. Mutumin da za a karɓe wa gona, amma ba ɓacin rai a fuskarsa, ƙasa kawai yake kallo. Liman ma ya ƙi haɗa ido da kowa. Na matsa na ce, "Yaya, tambaye shi." Ya ɗaga min hannu wai in yi shiru.

Aka dawo inda aka fara. Aka buɗe huhun goro. Tela da kansa ya zaɓi babban fari ya miƙa masa da hannu biyu. Yaya ya ɓare, ya jefa a baki, yana murmushi yana tauna. Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Ya yi salati, ya yi wa magabata addu'a, sannan murya can ƙasa ya ce Allah ya sanya albarka a wannan ciniki, Allah ya sa Alhaji ya ci moriyar abin da ya saya daga hannun mai riƙo.

Aka ce amin.

Na ƙwala ihu, "Yaya, kar ka shafa!"

Hannuwansa suna sama. Ya dubi liman, ya dubi mai riƙo, ya dubi Tela. Bakinsa ya daina motsi.

Tela ya ce, "Ai ta dawo hannunka ke nan, Malam. Injin ruwa zan kafa, kai za ka riƙa kula min da ita, ana biyanka duk wata. Wa ya san ta kamarka?"

Dattawan garinmu duk sun shafa, suna jiransa. An karanta fatiha, tana tafin hannunsa, kuma shi bai taɓa zubar da fatiha ba tun da aka haife shi. Ya kai hannuwan fuska ya shafa.

Nan take aka yaye tamfol ɗin a-kori-kura, aka fara sauke turakun ƙarfe da waya. Jama'a suka bi Tela wajen motoci ana yi masa Allah ya sa alheri. Yaya bai motsa daga kan kunyar da yake tsaye ba. Wani lebura ya zo da turke da guduma, ya auna da igiya, ya ga daidai wurin ne. Ya ɗaga kai ya ce, "Baba, ɗan ja ƙafarka."

Ya ja.